Ƙofar da Ya Yi Mini da Sauran Idonsa

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu da yake ƙarƙashin ƙasa ba. Maigida nake ce masa. Mutanen Lamorde kuma mai walda suke ce masa, kamar babu wani mai walda a Mubi sai shi. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Ni ban yi karatu ba. 'Yata ta biyu, wadda take koyarwa a firamare, ita ce ta zauna da takarda tana rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

A bakin ƙofar gida muke zaune ni da ita. Maganar ƙofar nan nake so a rubuta, amma sai na fara daga madara.

Kwanana shida a gidansa, ya dawo daga aiki, ya yi sallar magariba, ya zauna ya jingina da bango. Na fito da kwanon tuwo na tarar hawaye na bin fuskarsa, idanunsa jawur kamar garwashi. Na tsaya da kwanon a hannu.

Na ce, "Maigida, wa ya rasu?"

Ya ce, "Babu wanda ya rasu."

"To me na yi maka?"

Ya yi dariya, hawayen na ci gaba da zuba. Ya ce, "Miyarki ta jiya ta yi yaji, amma ba ta kai haka ba. Wutar walda ce ta sha ni. Duba aljihun rigata."

Ɗan gwangwanin madara na samu a ciki. Ya nuna mini yadda zan huda shi da ƙusa, ya kwanta ya ɗora kansa a cinyata, na buɗe masa ido da yatsa na ɗiga. Ya ce ji yake kamar an ɗebo yashin mayo, wato kogi, an zuba masa a ƙarƙashin fatar ido. Da madarar ta shiga ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Useko, Likita." Daga ranar sunana ke nan a bakinsa har ya koma ga Allah. Ni 'yar ƙabilar Gude ce, shi Fillanci ya tashi da shi, da Hausa muka yi zaman aure, da ita muka yi faɗa, amma godiya kullum da Fillanci yake yi mini.

Ba ni kaɗai ba ce. Duk matar mai walda da na sani tana da gwangwaninta a kan taga. Da na fara haihuwa wata tsohuwa ta ce mini ruwan nono ya fi madarar gwangwani, na koma ba shi wannan. Yakan ce wa baƙi jarirai biyu gare ni, ɗaya na sha ta baki, ɗaya ta ido. Sau biyu, sau uku a wata abin ke kama shi. Ya yini da tsumma a fuska, ko ya kwana biyu, sannan ya tashi ya koma rumfarsa.

Ba wai ba shi da garkuwa ba ne. Yana da ita, irin wadda ake riƙewa a hannu, mai 'yar tagar baƙin gilashi a tsakiya. In zai ja dogon layi yakan ɗauke ta. Amma kafin a ja layi sai an yi ɗigo, wato a ɗan taɓa wuta nan da can don ƙarfe ya kama ɗan'uwansa, kamar yadda tela ke kafa allura kafin ya taka keke. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na riƙe da tsinken walda. Yakan ce Allah bai ba shi hannu na uku ba. Ga shi kuma ta cikin baƙin gilashin ba a ganin komai sai wuta ta tashi, shi kuwa ba ya yarda ƙarfe ya goce masa ko da faɗin farce. Don haka sai ya daidaita da ido tsirara, ya runtse daidai lokacin da wutar za ta tashi. Yana cewa ya fi wutar sauri. A yini ɗaya Allah kaɗai ya san ɗigo nawa yake yi.

Amma fa aiki! Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ki rufe mini ido ki kai ni gaban ƙofofi goma, zan shafa in nuna miki tasa. Layinsa kamar kitson amarya yake, kowace tufka daidai da 'yar'uwarta, babu kumburi, babu rami. Manoman Wuro Patuji sukan saɓo garmar shanu a kafaɗa su wuce rumfuna uku su zo wurinsa. Direbobin da ke kwasar shanu zuwa kudu suna cewa in shi ya ɗinke bayan mota, ko bijimi ya yi hauka a hanya sai dai ƙahonsa ya karye. Tsofaffin mata masu kawo murfin tukunya ko ƙafar murhu, yakan ajiye babban aiki ya yi musu, ya ce su tafi su yi masa addu'a. Ya taɓa gaya mini da kunne ma yana sanin aiki ya yi kyau. Walda mai kyau, in ji shi, ƙararta kamar ta ƙosai ce a cikin mai. In ta fara tari kamar tsohon babur, to hannu ya yi nisa da ƙarfe.

Masu walda suna da wata magana a tsakaninsu, wai idon tsohon hannu yakan nuna. Wai in mutum ya daɗe yana shan wuta, ido ya saba, ya daina ciwo. Muna da kamar shekara ashirin da aure nasa ya nuna. Wata ya wuce bai nemi madara ba, wata biyu, wata biyar. Abokan sana'arsa suka riƙa yi masa barka. Ni kuma na yanka zakara na yi masa miyar da yake so. Na sauke gwangwanin daga taga na zuba wa yara a koko. Har alfahari na yi wa matar maƙwabcinmu, wadda mijinta bai daɗe da fara walda ba. Na ce mata, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, naki ma zai nuna."

Wannan maganar ita ce ke ci mini rai har yau. Ajiye biron tukuna.

To. Gidanmu kuwa, gidan babban mai walda, ƙofarsa ta kwano ce da aka buga a jikin katako. Ba ta da sakata. Tsohon turmi muke tokare ta da shi. In iska ta taso sai ta yi ta kaɗawa kamar mai tallan gwangwan. Na yi magana har na gaji.

"Maigida, ka yi wa rabin Mubi ƙofa."

"Rabin Mubi suna da abin sata, Likita. Mu me za a ɗauka? Ke?"

"Akuyar maƙwabta ta cinye mini kuɓewa."

"To akuyar za mu yi wa walda."

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo garin ya watse muka gudu, da muka dawo mun tarar an ɓalle ƙofofin mutane layi-layi. Tamu ce kaɗai ba a fasa ba, don ba ta buƙatar fasawa, tura ta kawai aka yi. Daga nan kowa ya ce shi ƙofar ƙarfe yake so, da tagar ƙarfe, har mai ɗaki ɗaya. Maigida bai iya cewa a'a ba. Ya ce mutane barci suke nema, ba ƙofa ba. Shekara biyu yana fita tun hantsi bai yi ba, ba ya dawowa sai ana kiran magariba. A lokacin ne na lura da wani jan nama da ya tsiro daga gefen idonsa yana rarrafawa zuwa baƙin. Na nuna masa, ya ce tsufa ne. Bayan haka baƙin idon ya fara yin fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ya fara zuba shayi a gefen kofi. Ya gaishe da surukinsa da sunan wani. In zai auna ƙarfe sai ya bar abin awo ya koma taƙi da yatsu. Duk ina gani, duk ina shiru, don shi ma shiru yake.

Wata safiya wani ɗan kasuwa daga Nassarawo ya yi sallama. Bai je rumfa ba, gida ya zo, don kada ya kunyata shi a gaban mutane. Ina daga ciki ina jin su.

Ya ce, "Baba, ba raina aikinka na yi ba. Ƙofar shagona ce, ƙyauren biyu sun ƙi haɗuwa. Ta sama akwai inda hannu ke shiga."

Maigida ya fita, aka sauke ƙofar daga amalanke. Na leƙa na ga bai ma dube ta ba, tafin hannu ya sa ya bi ta daga sama har ƙasa. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Gaskiyarka. Ka kai wa mai rumfar kusa da tawa, zan yi masa magana ya gyara maka." A shekara arba'in wannan ne aikinsa na farko da ya dawo. Ranar bai fita ba, bai kuma ci abinci ba.

'Yar nan tawa mai rubutu ita ta matsa aka je asibiti. Likitar ido mace ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ta haska masa fitila, ta sa shi ya ɗora haɓa a kan wani inji, ta daɗe tana leƙe.

Ta ce, "Baba, shekara nawa kana walda?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Kana sa garkuwa?"

"In zan ja layi. Wajen ɗigo kuwa runtsewa nake, na fi wutar sauri."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce masa kafin fatar ido ta motsa hasken ya riga ya shiga. Ta ce a cikin hasken walda akwai wani wanda ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana amma ya fi ƙarfi don yana kusa, shi ne ke ƙona fuskar ido ya sa ciwon yashin nan, shi ne kuma in ya taru shekara da shekaru yake taimaka wa nama ya tsiro, yana kuma ta rufe ido. Maigida ya ce ai shi nasa ya nuna tun tuni, ya daina ciwo. Ta ce, "Baba, mai yawo ba takalmi tafin ƙafarsa yakan yi kanta. Ƙaya tana shiga, shi ne dai ya daina ji."

Ni da ban yi niyyar magana ba na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Madarar fa?"

Ta juyo ta dube ni, ta sassauta murya. Ta ce, "Mama, madara tana sanyaya wuri, amma ba ta warkarwa. Ciwon da kansa yake tafiya bayan kwana ɗaya ko biyu. Wani lokacin ma madarar kan kawo wata cutar. Kada a ƙara."

Shekara ashirin ina jin ni ce ke warkar da shi. Ashe lallashinsa kawai nake yi ya koma cikin wutar.

Ta ce na hagu ya ƙone ta can ciki, inda hannu ba ya kaiwa, babu abin da za a yi masa. Na dama kuwa yana ce ta rufe shi, ana iya cirewa, a kankare naman, in Allah ya yarda zai ga hanya, ya ga fuskar mutane. Amma da sharaɗi: bayan aikin ya bar walda har abada, kafin aikin kuma kada ya ƙara bari hasken ya taɓa idon tsirara ko sau ɗaya. Aka ba mu mako uku kafin aikin.

Kwana biyu da dawowarmu na ji ana sauke kaya a ƙofar gida. Injin waldarsa ne, da janareta, da ƙarafa, da falle biyu na ƙarfe mai kauri. Ya raba sauran kayan rumfar ga waɗanda suka koya a hannunsa, ya ce su tafi da su. Da masu amalanke suka tafi ya ce mini, "Likita, ƙofarki zan yi."

Na ce, "Ba na so."

"Shekara arba'in kina so."

"Yanzu na daina. Turmina ya ishe ni. Ido ɗaya ya rage maka, shi za ka kai wa wuta don akuya?"

Ya ce, "Ba don akuya ba. Aikina na ƙarshe a duniya ba zai zama ƙofar da aka dawo mini da ita a amalanke ba. Kuma in na riga ki tafiya, ba zan bar ki da turmi ba."

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce zan aika a kira 'ya'yansa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ya yi wa likita alkawari, kuma zai cika: ba zai yi ɗigo ko ɗaya ba sai da garkuwa a fuskarsa. Sai dai wannan yana nufin yana buƙatar hannu na uku. Ba ya so wani mai walda ya gan shi yana laluben ƙarfe. Ya ce, "Ke ce za ki riƙe mini."

Haka muka fara, a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya yanka ƙarafan da awon yatsunsa, yana sa ni in haɗa biyu-biyu in gaya masa ko sun yi daidai. Ya sa mini safar hannunsa ta fata, wadda ta yi mini yawa har yatsuna na iyo a ciki. Da ya ɗaga garkuwar ya ce duhu ne kawai a gabansa, ko hannunsa ba ya gani. Don haka ni ce zan danne ƙarfen da hannu ɗaya, in kama wuyan hannunsa da ɗayan in kai bakin tsinken daidai mahaɗa, in ce "nan", sannan in kau da kai. Ya ja mini kunne sau uku.

"In na ce kau da kai, ki kau. Kada ki leƙa."

"Ni yarinya ce?"

"Ke mace ce. Kada ki leƙa."

Na leƙa. Ɗigo na farko na kau da kai, na biyu ma. A na uku na ce bari in gani da wutsiyar ido ko ya sauka inda na nuna. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Shekara arba'in ina cin abincin wutar nan, daga nesa kawai nake hango walƙiyarta. A kusa shuɗiya ce, fara tas a tsakiya, ƙarfe na narkewa a ƙarƙashinta kamar man shanu. Na sake leƙawa. Na yi ta leƙawa har azahar, ina runtsewa in ta tashi, ina ce wa raina ai na fi ta sauri. Ban ji komai ba. Na dafa abinci, na yi wanke-wanke.

Ana kiran magariba yashin ya zo. Da farko kamar gashi ya shiga mini ido. Kafin in idar da salla na kasa buɗewa, na kasa rufewa. Hasken fitilar maƙwabta da ke faɗowa ta kan katanga ji nake kamar ana soka mini tsinke. Na haihu sau bakwai ban yi ihu ba, ranar na yi.

Ya lalubo ni ya zaunar. Ya ce, "Kin leƙa."

"Sau ɗaya."

"Likita."

"Sau da yawa."

Na ji ya tashi ya nufi taga, inda gwangwanin ke zama a da. Hannunsa ya yi ta shafa wurin. Sai ya tsaya, ya tuna maganar likita. Ya je randa ya jiƙo tsumma mai tsabta, ya dawo ya zauna, ya ɗora kaina a cinyarsa ya shimfiɗa mini shi a ido. Yadda nake yi masa, haka ya yi mini, sai dai babu madara.

Na ce, "Haka kake ji?"

"Haka."

"Duk lokacin nan?"

"Wani ya fi wannan."

"Kuma ka tashi ka koma?"

Ya ce, "Yara bakwai, Likita." Sannan ya ce, "An fasa yin ƙofar. Ni na ci nawa idon, ba zan ci naki ba."

Kwana biyu ina ɗaki. 'Yata ta karɓo mini maganin ɗigawa daga asibiti, ta yi mana faɗa mu biyu kamar ta kama yara da ashana. A kwana na uku na fito na ga ƙarafan jingine da mangwaro, rabin ƙofa, shi kuma yana zaune kusa da su hannuwansa a kan gwiwa, ba su da abin yi. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba. Wannan karon ni ce na ce sai an gama.

Na ce, "Ba ka da wani baƙin gilashin?"

Yana da guda a cikin akwatin kayansa. Ya ce in kawo masa murfin babban kwanon tuwo, wanda kwanonsa ya daɗe da hujewa. Ya yanke taga a tsakiyarsa da kurfi da guduma, duk da lalube, ya zaunar da gilashin ya lanƙwasa bakin ƙarfen ya riƙe shi, ya huda gefe biyu. Na zura kallabina na ɗaure a ƙeya. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta gan ni da murfin kwano a fuska, ta yi salati ta ce, "Dada, yau kuma ke ce tuwon?"

Amma murfin nan shi ya gama ƙofar. Ta cikinsa, in wuta ta tashi, ni ina ganin abin da shi ba ya gani: ɗan tafkin ƙarfe mai narkewa, da mahaɗar da zai bi. Shi yana da hannu da kunne, ni ina da ido. Sai in ce, "Hagu kaɗan. Ya isa. Tafi." Shi kuma ya ce, "Yi shiru in ji ƙosaina." In ya gama layi sai mu jira ya huce, ya ƙwanƙwashe ɓawon, ya bi da yatsa. In bai yi masa ba ya ce a gurje a sake. Akwai layin da muka sake sau huɗu. A rana ta bakwai, a can ƙasa inda ba a gani, ya miƙo mini tsinken ya ce in ja da kaina. Na ja kamar tsawon yatsa. Tari kawai ta yi ta yi irin na tsohon babur. Ya shafa ya ce, "Wannan kashin kaza ne." Na ce a gurje. Ya ce a'a, a bar shi.

Kwana tara muka yi. Bai yi ɗigo ko ɗaya da ido tsirara ba, ni ce shaida. Maƙwabta suka taya mu kafa ta. Da ya tura ƙyauren ya rufe, sakata ta shige ba tare da an ɗaga ko an danna ba. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, har na ce zai tsufar da ita tun ranar farko.

Aka yi masa aikin. Washegari da aka cire audugar, likitar ta ɗaga yatsu ya ƙirga. Sannan ya juyo ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Likita, yaushe kika tsufa haka?" Da muka iso gida da baƙin tabarau a fuskarsa, bai shiga ba. Ya tsaya a gaban ƙofar ya bi ta da ido ɗayan nan daga sama har ƙasa, layi bayan layi, ya tsuguna ya duba nawa. Ya miƙe ya ce, "Ba za a dawo da wannan ba."

Shekara huɗu ya yi yana gani da idon. Ya ga jikokinsa uku da aka haifa bayan nan, yana zuwa masallaci ba jagora. Bai ƙara taɓa tsinken walda ba. Amma kullum da hantsi yakan saɓa garkuwarsa ya bi rumfunan masu walda ya zauna musu a benci. In ya ga mutum zai yi ɗigo ido tsirara sai ya ce, "Kawo in riƙe maka, ɗauki garkuwa. Ga hannu na uku ya zo." Wasu suna dariya su ce Baba ya zo da wa'azinsa. Wasu sun ji. Mijin maƙwabciyata yana cikin waɗanda suka ji, bayan na je da kaina na janye maganar da na gaya wa matarsa shekarun baya. Na ce mata ƙarya na yi, ido ba mangwaro ba ne, ba ya nuna.

Ba ido ne ya kashe shi ba. Zazzaɓi ne na kwana biyar, a farkon damina. Ta ƙofar nan aka fita da shi. Masu ɗaukar makara suka buɗe ƙyauren duka, bai taɓa bango ba, bai yi ƙara ba.

Turmin yana nan a bayan ɗaki, kaji na kwana a kai. Murfin kwanon yana rataye a ɗakina, jikokina sun san ba abin wasa ba ne. Kowace magariba ni ke rufe ƙofar da kaina, ba na bari wani ya yi. In na tura sakata sai in sunkuya, duk da ciwon gwiwa, in shafa dogon layinsa har inda ya haɗu da ɗan guntun nawa.

Allah ya haskaka masa kabarinsa da hasken da ba ya ƙona ido. Rufe takardar haka, 'yata, an kusa kira, tashi ki shigo da tabarmar in rufe.